Littattafan da Ake Gina Duniyar Wasan Taka Rawa da Su, Daga Katsina

Mai tatsuniya yana da gatan da jagoran wasan taka rawa ba shi da shi. Idan kaka ta ce Gizo ya tashi ya tafi garin sarki, ba yaron da zai tsayar da ita ya ce kwana nawa ya yi a hanya, me ya ci, nawa ya biya a mafita kafin a haye da shi kogi. Labarin nata ne, inda ta nufa nan za a bi. A wasan taka rawa kuwa mutum huɗu ko biyar ne suke zama a kewaye da tebur ko a kan tabarma, kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, wannan maharbi, wancan ɗan fatake, wannan almajiri mai yawon neman ilmi, waccan 'yar sarki da ta gudo daga gida. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke faɗin abin da suke gani da abin da suke ji, amma su ke zaɓar abin da za su yi. Ya shirya musu hanyar gabas, sai su ce yamma za su. Ya tanadi dodo a bakin rijiya, sai su ce su kasuwa za su shiga su sayi jaki. Nan take sai ya san kuɗin jaki.

Wannan wasa ya fito da sifarsa ta yanzu a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka buga Dungeons & Dragons. Tun farko a kan littattafai aka gina shi. A 1979 Gygax ya sa jerin marubutan da ya sha daga gare su a ƙarshen littafin jagoran wasa, jerin da har yau masu wasan suke koma masa. Shi kansa Tolkien, wanda inuwarsa ta rufe wannan fage, malamin tsoffin harsuna ne a Oxford, daga tsoffin waƙoƙin Ingila da Ayislan da Finlan ya haƙo duniyarsa. An yi ƙoƙarin kawo wasan Afirka, kamar Nyambe a 2002 da Spears of the Dawn a 2013, amma irin waɗannan sukan kwaso Masar da Mali da ƙasar Yarbawa da Habasha su zuba a taswira ɗaya. Ga baƙo wannan ya wadatar. Ga matashin da ke zaune a Kambarawa, nan cikin Katsina, wanda kullum yake ratsa ƙofofin birni a kan babur, ya yi kaɗan ƙwarai, domin abin da ke kusa da shi ya fi wannan yawa da zurfi.

Ra'ayina shi ne littafin da ya fi amfani ga mai gina duniyar wasa ba shi ne mai yawan dodanni ba. Dodo ba ya wuyar ƙirƙira. Abin da ke da wuya shi ne amsa ƙananan tambayoyi, tsada da nisa da abinci da wanda ake kai wa ƙara, kuma a kan waɗannan duniya take tsayawa ko ta rushe. A ce ana zaune a wani zaure a Kambarawa bayan la'asar, an shimfiɗa takardar kwali an zana ganuwa da biro, an ajiye murafan kwalba a madadin dawaki. Jagora ya ce ayarinsu ya iso bakin ƙofa rana ta faɗi. Sai ƙaninsa ya ce, "Yaya, to mu ba mai gadin wani abu mana ya buɗe." Idan jagoran ya san akwai sarkin ƙofa, ya san ana rufe ƙyaure da magariba, ya san baƙin fatake a zango suke sauka sai safe kuma sai sun sami fatoma da zai tsaya musu, to daren nan kaɗai ya zama labari. Idan bai sani ba, sai ya ce "an buɗe", a wuce, birnin ya zama zane kawai.

Shi ya sa na fi son a fara da littafin Yusufu Bala Usman, The Transformation of Katsina, 1400–1883, wanda jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981. Ba littafi ne mai sauƙin karatu ba, amma babu kamarsa wajen nuna yadda ƙasa take aiki. Ya nuna yadda birni da garuruwa da ƙauyuka suke rataye da juna, yadda sarauta take tsakanin 'ya'yan sarki da bayin sarki da masu riƙe da manyan garuruwa, yadda baƙi daga Barno da Azbin da Mali suka zo suka zama 'yan gari, da yadda wuraren iskoki irin su Kwatarkwashi suke da nasu ƙarfin kafin malamai su rinjaye su. Babban darasinsa ga mai wasa shi ne kada a raba duniya ƙabila-ƙabila, a ce waɗannan jarumai ne, waɗancan maƙetata. Bala Usman ya yi yaƙi da wannan tunani duk rayuwarsa. Mutane sana'a da gari da aure da bashi da ubangida suke haɗa su, su raba su. Jagoran da ya fahimci haka zai iya ƙulla rikici tsakanin Ƙaura da Galadima a kan wanda zai gaji gado, ya sa attajirai su goyi bayan wannan, malamai su goyi bayan wancan, a yi wata shida ana wasa ba a zare takobi ba. Kuma labarin da ake bayarwa na Korau, baƙon da ya zo daga 'Yandoto ya kayar da Sanau a kokawa bayan an sace layar Sanau ta hannun matar Sanau ɗin, ya riga ya zama shiryayyen wasa: akwai ƙa'idar gadon mulki, akwai asiri, akwai cin amana, akwai gidan da aka ƙwace wa sarauta amma aka bar shi cikin masu zaɓen sarki da sunan Durɓi.

Kusa da shi sai Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, wannan Palmer ɗin da ya tsaya aka naɗa Muhammadu Dikko a Katsina a 1906. Mai son karanta shi da Hausa ya nemi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930. A nan ne ake samun Barbushe a kan Dala da Tsumburbura a cikin kewayenta, da zuwan Wangarawa zamanin Yaji, da Kanajeji da aka ce shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, da Dirki, abin nan da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka har zuwa zamanin Alwali da ya sa aka farke shi. Salon littafin ma abin koyi ne. Kowane sarki ana ba shi sunan uwarsa, kirarinsa, jarumansa, abin da ya fara a ƙasa, da shekarun da ya yi. Wanda ya rubuta wa ƙirƙirarriyar masarautarsa sarakuna goma a kan wannan tsari ya gama tarihinta a shafi uku, kuma masu wasa za su ji tsufanta.

Daga nan sai hanya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Katsina a Janairun 1851 tare da ayarin gishiri na Azbinawa, Sarki Muhammadu Bello ya riƙe shi kwanaki kafin ya sake shi ya wuce Kano, ya kuma dawo a 1853 a hanyarsa ta Sakkwato. Juzu'ai biyar na tafiye-tafiyensa, da aka buga a 1857 da 1858, cike suke da irin abin da jagora yake nema ido rufe: daga wannan zango zuwa wancan sa'a nawa, rijiyar gaba zurfinta nawa, wane gari ne ke da shinge wane ne ke da ganuwa, me ake sayarwa a kasuwa da nawa. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar Katsina ya haura mil 13, amma mutanen da ya tarar a ciki ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba, sauran fili gonaki ne da kufai, domin ciniki ya koma Kano bayan jihadi kuma yaƙi da Maraɗi bai ƙare ba. A tsaya a dubi wannan hoto. Ƙaton birni, ƙofofi a tsaye, hasumiyar Gobarau tana leƙen komai, amma unguwanni da yawa ba kowa sai kuka da rijiyoyin da aka bari. Wane marubucin ƙage ne zai ƙirƙiro wurin da ya fi wannan dacewa da yawon neman abin da ya ɓace? Barth ya kuma jera sunayen unguwannin birnin a rataye, ya ce a Kano wuri 2,500 ake canza riyal guda. Da wannan lissafi ɗaya ana iya gina duk farashin wasa, a kuma gane abin da masu wasa ba sa tunawa, cewa dukiyar wuri nauyi ce da ita. Wanda ya sami keso ɗaya, wato wuri dubu 20, sai ya nemi abin da zai ɗauka masa.

A haɗa Barth da Paul Lovejoy. Littafinsa Caravans of Kola na 1980 ya bi fataucin goro zuwa Gwanja, ya bayyana aikin madugu da jagaba da uban dawaki, kuɗin da ake biyan sarakunan hanya, da yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan sana'a. Salt of the Desert Sun na 1986 kuma ya bi gishirin Bilma da mangul da kanwa. Ayari shi ne mafi kyawun dalilin da zai haɗa mutum biyar da ba dangin juna ba a tafiya ɗaya ta watanni, ga ɓarayin hanya, ga damina na matsowa, ga goro da ke lalacewa idan ba a kwance huhu an tsince an yayyafa ruwa ba.

Duk waɗannan maza ne suke magana a kan maza. Gyaran wannan gibi shi ne Baba of Karo, labarin rayuwar wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau da aka haifa a 1877, wadda ta ba Mary Smith labarinta da Hausa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. A nan ake shiga cikin gida. Ana ganin yadda ake ƙulla ƙawance, yadda kishiyoyi suke raba kwana da girki, yadda mace take kashe aurenta, yadda ake karɓar ɗan riƙo, yadda mahara suke faɗa wa rinji su kwashe mutane a kuma bi su da fansa. Idan a teburin akwai 'yan mata, ko ana son matan cikin wasan su zama mutane masu buƙata da dabara, wannan littafi ya fi kowane muhimmanci. A gefensa a ajiye Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da abokan aikinsa, wanda ɗaliban sakandare suka daɗe da sani, don saurin duba sana'o'i da bukukuwa da matakan rayuwa.

Sai batun abin mamaki, wanda shi ne mutane suke fara tambaya. Taska mafi girma ita ce Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku da aka buga a Belfast daga 1911 zuwa 1913, mafi yawansa malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta da ajami aka mayar boko. Ba tatsuniya kaɗai ke ciki ba, akwai labaran yaƙi da wasiƙu da shari'u da karin magana. Rubutun tsohon yayi ne, sai an saba, amma Hausar tana da daɗi. Akwai kuma na R. S. Rattray na 1913, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar Gwalkwas, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya wanda ya fi sauƙin samu. Abin da za a koya daga waɗannan shi ne cewa dodonmu ba a cika cin sa da ƙarfi ba. Ana cin sa da wayo, da ladabi, da sanin sunansa, da cika alkawari ko gane inda alkawarin ya bar ƙofa. Yarinyar da ta wanke wa tsohuwa baya ta sami arziki, 'yar kishiya da ta yi tsaki ta gamu da masifa. Wasan da aka ɗauko daga waje yakan ba da lada a kan kisa. Wanda zai yi namu ya kamata ya ba da lada a kan iya magana da iya gaisuwa.

A kan iskoki da bori akwai littattafan A. J. N. Tremearne, Hausa Superstitions and Customs na 1913 da The Ban of the Bori na 1914, wanda ya tattara mafi yawansa a wajen Hausawan Tunis da Tarabulus. A karanta shi da hattara, domin soja ne na mulkin mallaka, yana da raini a bakinsa, yakan kuma haɗa abin da bai haɗu ba. Wanda ya fi shi natsuwa shi ne Fremont Besmer a Horses, Musicians and Gods na 1983, daga binciken da ya yi a Kano, inda ya zayyana birnin Jangare da gidajensa goma sha biyu, da dangantakar aure da haihuwa tsakanin iskoki irin su Sarkin Aljan Sulemanu da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Inna. A nan dole in faɗi abin da na ɗauka da gaske. Mu Musulmi ne, aljanu a wurinmu ba ƙage ba ne, bori kuma abu ne da malamai suka yi hani da shi, wasu mutane kuma har yau suna cikinsa. Bai dace a kwaso sunayen nan da kirarinsu a riƙa kira a zaure don nishaɗi ba. Abin ɗauka shi ne tsarin, wato cewa ɓoyayyen birni ma yana da sarki da fadawa da gidaje masu gaba da juna. Sunaye kuwa a ƙirƙiro sababbi. Haka batun ɗan ludo da ake jefawa don yanke hukuncin sa'a. Akwai iyaye da malaman da ba sa son ganinsa saboda hanin da ya zo a kan wasan nardu da kusancinsa da caca. Ba sai an yi jayayya ba: takardu masu lamba a cikin hula, a zara ɗaya, suna yin aikin, kuma kada kuɗi ya shiga tsakani.

Yaƙi zan taƙaita, domin littafi ɗaya ya isa, Warfare in the Sokoto Caliphate na Joseph Smaldone, 1977. Yana bayyana bambancin 'yan lifidi da barade da 'yan baka da dakaru, da dalilin da ya sa gari mai ganuwa yake gagara sai da yunwa ko cin amana, da dalilin da ya sa ake fita yaƙi da rani. Gini kuma akwai Hausa Architecture na J. C. Moughtin, 1985, mai zanen gidaje daga zaure zuwa cikin gida, wanda za a iya kwafa kai tsaye a kan takardar wasa. Amma mutumin Katsina ya fi kyau ya tafi da ƙafarsa tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 yanzu kuma take gidan tarihi, ya ɗaga kai ya dubi azara da bakan gizo, ya ji sanyin ɗakin ƙasa da tsakar rana.

Akwai littattafai biyu da ba a ɗaukar su na labari, alhali sun fi wasu da yawa ba da labari. Na farko ƙamusun G. P. Bargery na 1934. A buɗe kalmar doki ko rini ko kibiya, sai ga jerin launuka da iri-iri da kayan aiki da yawancinmu ba mu taɓa ji ba, har da bambancin Katsinanci da Sakkwatanci da Kananci. Mutumin cikin wasa da ya kira dokinsa akawal ko bidi ko gunya ya riga ya zama mahayi. Na biyu A Hausa Botanical Vocabulary na J. M. Dalziel, 1916, da babban ɗan'uwansa The Useful Plants of West Tropical Africa na 1937. Daga nan mai magani a wasa zai san abin da ake yi da sabara da marke da bagaruwa, maharbi ya san daga kwankwani ake haɗa dafin kibiya, matafiyi ya san abin da ake ci a daji idan guzuri ya ƙare.

Wani zai ce duk wannan tarihi ne, ina ƙagen? Amsar tana nan Katsina tun shekaru casa'in da suka wuce. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, labarin mutumin da ya fita neman ruwan magani ya bi gari-gari yana karo da Malam Zurƙe. Yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, ya ɗauki jarumin da ya yaƙi Turawa ya kai shi ƙasar aljanu. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin tatsuniyar Rasha ya mayar da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. A Magana Jari Ce kuwa Imam ya kwaso daga Larabawa da Indiya da Turai, ya sa wa kowa rawani da babbar riga har ba a gane baƙo. Waɗannan su ne malaman jagoran wasa na haƙiƙa, domin sun nuna yadda ake aro ba tare da an zama ɗan amshin shata ba, da yadda ake saka labari cikin labari, abin da dogon wasa yake rayuwa a kansa.

Samun littattafan bai kai wuyar da ake zato ba. Barth da Edgar da Tremearne da Rattray da ƙaramin Dalziel duk sun tsufa, ana sauke su kyauta daga rumbun Internet Archive, ƙamusun Bargery ma ana bincika shi a intanet ta waya. Na Imam da sauran na kamfanin NNPC na Zariya suna wajen masu sayar da littattafan makaranta. Na Bala Usman da Lovejoy da Smaldone sai an nema a ɗakunan karatu na jami'o'i, irin na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko a Gidan Arewa da ke Kaduna. Ba kuma sai an tara duka kafin a fara ba. Jagora ya sayi littafin rubutu mai kauri, duk abin da ya tsinta ya shigar a shafinsa: shafin farashi, shafin nisan garuruwa da kwanakin jaki, shafin sarautu da wanda ke ƙarƙashin wa, shafin sunayen maza da mata da na bayi da na baƙi. Abin da littafi bai faɗa ba a tambayi tsofaffi, maƙeri ko marini ko tsohon direban da ya san hanyar Maraɗi da Agadas, "Baba, da can yaya ake yi?" tana buɗe bakin da ba a zata ba.

Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne cewa wannan tarihi yana da magada. Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka da Galadima sarautu ne masu rai, jikokin waɗanda aka yi yaƙi da su da waɗanda aka bautar suna zaune unguwa ɗaya, wataƙila a tabarma ɗaya ake wasan da su. Don haka a ɗauki fasalin Katsina, ganuwarta da kufanta da gabarta da 'yan'uwanta na Maraɗi, a sauya wa birnin suna, a juya taswirar, a ba sarakunan sunayen da ba na kakan kowa ba. Bauta kuma, wadda ke cikin kusan kowane shafi na Barth da Baba, kada a share ta kamar ba a yi ba, kada kuma a mayar da ita hanyar tara dukiya a wasa. A zauna tun daren farko, kafin kowa ya zaɓi wanda zai zama, a yi shawara a kan iyakar da teburin zai tsaya.